Maiwurno, Garin da Ya Taso daga Sakkwato Ya Sauka a Bakin Nilu

Idan matafiyi ya bar birnin Sinnar na ƙasar Sudan ya nufi kudu a kan titin Sinja, ba zai yi nisa ba, kamar kilomita 15, zai tarar da wani gari a gaɓar yamma ta kogin nan mai gangarowa daga duwatsun Habasha, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ. Gari ne na manoma da masunta da 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci. A kasuwa da Larabci ake ciniki, amma a bayan katanga za ka ji tsohuwa na kiran jikanta da Fulatanci, wata kuma na amsa sallama da Hausa. Garin yana da sarki, sarkin kuwa jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ta tsatson Abubakar Atiku. Sunan garin Maiwurno. Tsakaninsa da Sakkwato akwai fiye da kilomita 3,000, kuma waɗanda suka kafa shi da ƙafa suka taka wannan nisa, su da matansu da 'ya'yansu da abin da ya rage musu na dabbobi.

Ba ran da Nasara suka zo aka fara tunanin wannan tafiya ba. Tun Shehu na da rai magana ta bazu cikin jama'arsa cewa wata rana za a tashi a nufi gabas, a kai bakin Nilu, a can a sadu da Mahadi. Shehu kansa ya fito fili ya ce ba shi ne Mahadi ba, amma bai taɓa cewa zuwansa ya yi nisa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗauki maganar da gaske, har ya rubuta wa Modibbo Adama na Fombina takarda, ya ce ya riƙa tura mutane wajen kudancin Wadai da Darfur su saurari labari. Daga nan duk lokacin da fari ya yi tsanani ko zalunci ya yi yawa, sai wasu su ɗaure kaya su ce lokaci ya yi. Abin ya taɓa kai wa Nana Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa a tsayar da masu tashi, domin hijirar gaskiya ce amma lokacinta bai zo ba. Ke nan kusan shekara ɗari mutanen wannan ƙasa suna noma suna haihuwa, amma da kunne ɗaya a gabas.

A watan Oktoba na 1902 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku. Sarauta ce ya karɓa a ƙurarren lokaci. Bida da Kwantagora sun faɗi tun 1901, Yola ma haka, Bauci ta bi a 1902, kuma Nasara na zaune a Zariya. Ta arewa Faransawa sun riga sun tsare hanya. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya fasa ganuwar Kano da igwa ya shiga. Babu wanda ke Sakkwato da bai san cewa su ne na gaba ba.

A nan malamai da sarakuna suka rabu kan tambayar da babu mai sauƙin amsa ta. A tsaya a yi yaƙi, ko a yi sulhu da baki a riƙe addini a zuci, ko kuwa a bar musu ƙasar a yi hijira kamar yadda Shehu ya bar Degel ya koma Gudu a 1804? Alƙali Abdullahi ya rubuta risala yana kafa hujja cewa in an rasa ƙarfin kare ƙasa, hijira ce ta wajaba, domin zama ƙarƙashin hukuncin wanda ba Musulmi ba zai ci addini sannu a hankali. Attahiru zuciyarsa na wajen hijira tun farko, har an fara tanadin raƙuma da alfadarai. Wasu manya kuwa suka ga abin kunya ne a bar birnin Shehu da hubbarensa ba a harba ko kibiya ɗaya ba. Ana cikin wannan ja-in-ja Nasara suka iso.

Ranar 15 ga Maris 1903 aka haɗu a filin Giginya, bayan ganuwar birni. Dawaki da masu da takubba da 'yan bindigogin toka a gefe ɗaya, igwa da bindiga mai ruwa a ɗaya gefen. Kafin rana ta take tsaka an gama. Abin da Turawan da kansu suka rubuta da mamaki shi ne 'yan tsirarun mutanen da suka kewaye tutar Sarkin Musulmi suka ƙi motsawa, ana harbe ɗaya wani na ɗaukar ta, har aka ƙarar da su. Attahiru ya fita ta gabas da waɗanda suka rage tare da shi. Waziri Buhari da wasu manya suka tsaya a Marnona suna shawara, daga bisani suka komo birni. Ranar 21 ga Maris Lugga, shugaban Nasara, ya tsaya a Sakkwato ya tabbatar da wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a gadon sarauta, ya kuma gaya wa jama'a cewa mulkin da Fulani suka samu da takobi yanzu ya koma hannun Ingila ta wannan hanyar, amma ba za a taɓa musu addini ba.

Ba na cikin masu zagin Waziri Buhari. Mutumin ya sha zullumi kan abin da ya yi, har ya nemi fatawa wurin Malam Ahmadu ɗan Sa'adu, ya kuma rubuta risala yana bayyana wa masu ilimi dalilinsa: in kowa ya tafi, wa zai tsaya wa raunana da tsofaffi da ba za su iya tafiya ba, kuma wa zai riƙe masallatai da kotuna? Hujja ce mai nauyi, kuma yawancinmu jikokin waɗanda suka zauna ne. Sai dai labarin waɗanda suka zauna shi aka fi koya mana, domin su ne suka gaji fada da makaranta da alƙalami. Waɗanda suka tafi kuwa, a littattafan makaranta da yawa labarinsu a yaƙin Burmi yake ƙarewa, kamar ƙasa ta tsage ta haɗiye su.

Turawa da farko sun ɗauka Attahiru sarki ne da aka kora, zai yi ta gararamba da 'yan barorinsa har ya gaji. Abin da ya biyo baya ya firgita su. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau ya nufi gabas, kuma duk inda ya bi sai garuruwa su zube su bi shi. Lokacin kuwa bazara ce, ana sharar gona ana jiran ruwan shuka. Manomi ya bar gonarsa a share, maƙeri ya kashe wutar maƙera, mata suka ɗora ƙwarya a ka suka goya yara. Jami'an da aka tura su bi sawunsa sun riƙa isa ƙauyuka suna tarar da su wayam. Ba zan ce duk wanda ya bi don Allah kaɗai ya bi ba. Akwai masu sarauta da suka ga mulkinsu ya ƙare, akwai masu bayi da suka ji dokar Nasara kan bauta suka gwammace su tafi da dukiyarsu, akwai bayin da aka tasa gaba ba a tambaye su ba. Amma talakan da ba shi da sarauta ba shi da bawa, ya bar rumbunsa a bakin damina ya bi hanyar da bai san ƙarshenta ba, wannan ba za a bayyana tafiyarsa da kwaɗayi ba. Ya gaskata cewa lokacin da kakanninsa suka faɗa ne ya zo.

Manya ma sun shiga ayarin. Sarkin Misau Ahmadu ya bar gadonsa ya bi. Akwai Etsu Nupe Abubakar da Nasara suka kora daga Bida. Akwai Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, Turawa ke nemansa ruwa a jallo. Akwai kuma mutanen Futa, jama'ar Alhaji Umaru, waɗanda Faransawa suka koro tun daga Segu suka zo suka fake a Sakkwato. Su wannan ce hijirarsu ta biyu, kuma a cikinsu akwai Alfa Hashim, malamin da daga baya ya zauna a Madina ya zama majinginar alhazan ƙasashenmu. Attahiru ya aika wa Turawa cewa shi ba yaƙi yake nema ba, hanya yake nema, a bar shi ya wuce. Ba su bar shi ba, kuma dalilinsu a fili yake: muddin yana da rai, akwai Sarkin Musulmi biyu, kuma ƙafafun mutane sun riga sun nuna wanda suka ɗauka na gaskiya. Ƙasar da mutanenta suka tashi kuma babu wanda zai biya haraji a cikinta.

Ayarin ya gangara ƙasar Gombe, wajen dutsen Bima, wanda shi ma an daɗe ana danganta shi da bayyanar Mahadi. A can kusa da kogin Gongola akwai Burmi, gari mai ganuwa da Malam Jibrilla Gaini ya mayar sansanin masu jiran Mahadi, ya gagari sarakunan Gombe shekara da shekaru, har Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lakwaja. Wato garin da ya yi wa tsarin Sakkwato tawaye jiya, shi ne ya buɗe wa Sarkin Musulmi ƙofa yau. Ranar 13 ga Mayu 1903 Kyaftin Sword ya kai wa Burmi hari, aka yini ana gwabzawa, mutanen gari suka rasa rayuka da yawa amma suka hana shi shiga, ya janye da dare ya koma Bauci da raunanan sojojinsa. Kano ba ta yi haka ba, Sakkwato ba ta yi ba. Ƙaramin gari ne ya fara mayar da su baya.

Suka sake shiri suka dawo da ƙarfi ranar 27 ga Yuli. Tun da hantsi ake yi har faɗuwar rana, daga bakin ganuwa zuwa lungu-lungu zuwa gida-gida. Manjo Marsh, shugaban rundunar, kibiya mai dafi ta same shi ya mutu a wurin. A ɓangaren Burmi an kashe fiye da mutum 600. An tarar da gawar Attahiru a tsakiyar gawawwakin waɗanda suka kewaye shi, da 'ya'yansa biyu a cikin mamatan, da Magajin Keffi. Turawa suka sare kansa suka ɗauki hoto, don a nuna wa sarakunan da suka naɗa da talakawansu cewa maganar ta ƙare. Suka ƙone garin. Kabarin Attahiru na nan har yau a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe, ba nisa da Bajoga da Ashaka, kabarin Marsh ma na wannan yanki.

Cikin waɗanda suka fita da rai akwai ɗan Attahiru, Muhammadu Bello. Sunan mai Wurno, ɗan'uwan kakansu Atiku, ya ci, wato Sarkin Musulmi Bello da ya gina ribaɗin Wurno aka kuma binne shi a can a 1837, don haka ake masa alkunya da Mai Wurno. Zuriyarsa na ba da labari cewa mahaifin ne ya umarce shi ya fita ya ci gaba da jan jama'a zuwa gabas, kada tafiyar ta mutu tare da shi. Saurayi ne a lokacin. Ya waiwaya babu uba, babu gari, babu hanyar komawa, ga dubban mutane sun zuba masa ido. Masana tarihi na ƙiyasta cewa waɗanda suka ci gaba da wannan hijira, a ayari ɗaya da kuma rukuni-rukuni a bayansa, sun kai kimanin 25,000.

Shekara uku suka yi a hanya. Wanda ya san tsohuwar hanyar alhazai ya san ba tafiya ce ta miƙewa ɗaya ba. A yi tafiya da rani, in damina ta sauka a nemi wuri a roƙi gona ko a yi ƙwadago, a girbe, a sayi jaki, a ƙara gaba. Mai allo ya koyar da yara ya sami hatsi, mai aska ya yi wanzanci, mace ta dama fura ta sayar. A binne wanda ya mutu, a raɗa wa wanda aka haifa suna, a tashi. Ƙasashen da ke gabansu kuwa ba a kwance suke ba. Ba a daɗe da kashe Rabe a Kusuri ba, a 1900, kuma Jamusawa da Faransawa na rabon gefen tafkin Chadi. Wadai na hannun sarakunanta tukuna, don sai 1909 Faransawa suka shiga Abeshe. Darfur na hannun Sarki Ali Dinar a Fashir. Kowace iyaka da mai tsaronta, kowace rijiya da mai ita, ga 'yan fashi da masu kamun bayi da ba su tambayar ko kai alhaji ne. Da yawa sun tsaya a hanya, shi ya sa har gobe in ka bi wannan layi daga Chadi zuwa Kurdufan kana ratsa zango-zango na Hausawa da Fulani da Barebari.

A 1906 Mai Wurno ya iso bakin Nilu, ya sauka a ƙauyen Shaihu Ɗalha, a gaɓar gabas. Ba a banza ya zaɓi wurin ba, domin ƙauyen wani malami Bafulatani ne ya kafa shi tun ƙarni na 19, mutanen yamma sun riga sun san shi a matsayin masauki. Ga Nilu dai an iso, kamar yadda aka faɗa. Amma Mahadin Sudan, Muhammadu Ahmad, ya rasu tun 1885, daularsa ta rushe a yaƙin Karari kusa da Umdurman a 1898, an kashe halifansa Abdullahi a 1899. Masu mulkin ƙasar su ne Ingilishi, tare da Masar a suna. Mutanen da suka bar gidajensu da kaburburan iyayensu don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, suka yi tafiyar shekara uku, suka tarar da tutar da suka guda tana kaɗawa a gabansu.

Wani zai ce an gudu ba a tsira ba. Ni ban ga haka ba, kuma abin da Mai Wurno ya yi a nan shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk labarin. Bai ja mutanen da suka rage masa zuwa wata Burmi ta biyu ba. Ya duba ya ga gajiyayyu ne, marayu da zawarawa sun yi yawa, abin da suke bukata ƙasa ce da ruwa da kwanciyar hankalin yin salla. Turawan Sudan kuma na da tasu bukatar: yaƙe-yaƙe da yunwa da annoba na zamanin Mahadiyya sun rage mutane ƙwarai, ga ƙasa mai albarka a bakin kogi babu masu noma ta. Aka ba shi wuri a hayin yamma, ya tsallaka da jama'arsa suka sare daji suka kafa gari, garin ya ɗauki sunansa. Hukuma ta amince da shi a matsayin sarkin mutanensa. A ƙarshe dai ya iso ga irin matsayar da Waziri Buhari ya ɗauka a Marnona, sai dai shi ya ɗauke ta ne bayan ya biya kuɗinta da jinin mahaifinsa, kuma a garin da shi ya aza harsashinsa, ba wanda aka ci da yaƙi aka ba shi riƙo ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a wurin mutanen da suka bi shi.

Wurin ma bai yi musu baƙunta sosai ba. Maiwurno da Sakkwato kusan a kan layi ɗaya suke daga gabas zuwa yamma, damina ɗaya ce gajera, rani mai tsawo. Dawa na yi a baƙar ƙasar laka ta wannan yanki, in kogi ya janye kuma a shuka kayan lambu a gaɓa, kamar dai fadamar Rima. Masu su suka sa komarsu a Nilu. Nan da nan garin ya zama zango: duk ayarin da ya taso daga ƙasar Hausa ko Borno ya nufi Makka ya san akwai ɗan Sarkin Musulmi a bakin kogi, za a sami masauki da abinci da mai jin harshenka. Wasu su huta su wuce Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda, wasu su ce bari su yi noman shekara ɗaya su tara guzuri, shekara ɗaya ta zama ashirin. Da garin ya cika, Mai Wurno ya riƙa tura mutane suna kafa sababbin ƙauyuka a gefen Nilu da kogunan Dindir da Rahad.

Sai kuma aikin auduga ya zo. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gagarumin aikin noman rani na Jazira tsakanin Nilu biyu, don ciyar da masaƙun Ingila. Aiki ne mai cin hannu, musamman lokacin tsinka, kuma mutanen yamma, waɗanda 'yan ƙasa ke kira Fallata ko Takari, suna cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyinsa. Duk da haka Turawa ba su taɓa sakin jiki da su ba. Tsoron Mahadiyya ya sa gwamnatin Nijeriya ta tura jami'inta Lethem a tsakiyar shekarun 1920, ya bi hanyar alhazai har Sudan da Jidda yana binciken abin da waɗannan mutane ke aikowa gida na wasiƙu da ra'ayi. Mai Wurno ya rasu a 1944, ɗansa Muhammadu Ɗahir ya gaje shi, kuma sarautar na gidan har yanzu.

Akwai wani zafi da ya biyo baya wanda ya kamata mu sani. Da Sudan ta sami 'yanci a 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Maiwurno sun iso a 1906. Shekara tara kacal ta raba su da wannan layi. Mutumin da aka haifa a garin, ubansa ya sare dajin, ya yi dakon ƙasa a madatsar Sinnar, ya tsinki audugar Jazira, sai ya wayi gari yana neman shaidu kafin a ba shi takarda. An sassauta dokar daga baya, amma kalmar Fallata ta daɗe tana fita daga bakin wasu da ƙanshin raini. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Waɗannan kuwa sun haƙa rijiya sun binne iyaye, ba su da wata ƙasa da za su koma, amma ana ta kallonsu kamar masu jiran rana ta fito su bushe. Ciwon bai warke ba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin kan ƙasa da neman sarautar gargajiya, aka kashe fiye da mutum 100, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kassala da Khartum da wasu birane, a watan Oktoba kuma aka sake zubar da jini fiye da na farko. Tushen maganar ita ce dai tsohuwar tambaya, wane ne ɗan ƙasa.

Duk da haka sun shiga jikin Sudan ta inda ba a iya cire su. Agashe, naman nan mai yaji da ƙuli da ake layi a kansa da yamma a biranen ƙasar, tsirenmu ne ya yi hijira tare da masu shi. 'Ya'yansu sun zama malamai da sojoji da likitoci da 'yan kasuwa. Garin ma ya ja hankalin masu bincike: Mark Duffield, wani Bature masanin zamantakewa, ya zauna a cikinsa ya fitar da littafi sukutum a kansa a 1981. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, wanda ɗan garin ne, ya rubuta littafi kan Fulatancin Sudan a 1986, da wani kan Hausar Sudan a 1999, inda ya bi diddigin yadda Larabci ke shiga cikin harsunan biyu yana sauya su. Wanda ya taɓa hira da Bahaushen Sudan ya ji abin da kunnensa: kalmomin da kakanninmu suka yi amfani da su muka yar, suna nan a bakinsa daram, a gefensu kuma Larabci ya cika rabin jimla.

A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yanci, Turawa suka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku tutar Attahiru da suka ɗauke, aka karɓe ta da biki a Sakkwato. Tuta ta dawo gida. Mutanen da suka bi ta ba su dawo ba, kuma ba na jin dawowa ce bukatarsu, don Sudan ce ƙasarsu. Abin da ke damuna shi ne yadda muka bar rabin tarihinmu a hannunsu ba mu je mun tambaya ba. Sunayen zangon da aka yada tsakanin Gongola da Nilu, waɗanda suka mutu a wace rijiya, wace zuriya ce ta fito daga Gusau, wace ce daga Misau ko Haɗeja, duk wannan yana cikin kan tsofaffi da cikin takardun da iyalai ke ajiye a gafaka. Ɗalibanmu na tarihi a Sakkwato da Kano da Gombe sun fi sanin abin da Lugga ya rubuta wa Landan kan wannan tafiya fiye da abin da jikokin matafiyan ke faɗa.

Daga baya kuma yaƙi ya sake iske su. Faɗan da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ya gangaro jihar Sinnar a tsakiyar 2024. A ƙarshen watan Yuni RSF suka kama Sinja, hedikwatar jihar, birnin Sinnar ya rage a hannun soja, Maiwurno kuwa tana kan titin da ya haɗa biranen biyu. Dubban ɗaruruwan mutanen jihar suka bar gidajensu, da yawa suka nufi Gadarif a gabas. Sai a watan Nuwamba na 2024 soja suka ƙwato Sinja.